Dakan da Na Ɓoye a 'Yankuzo

Zuwa ga ɗana Ɗanjuma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da jikata Ummi, ko a mota ka buɗe ta kan hanyar Abuja, ko sai jirgi ya ɗaga. Allah Ya kiyaye hanya, Ya tsare ku daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum, Ya sauke ku lafiya a hannun matarka Nafisa.

Na ce wa Innarku ta sa takardar a jakar hannu, kada ta kuskura ta cusa ta cikin babban akwati. Ta cika akwatin nan da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji, in takarda ta kwana a ciki atishawa ba za ta bar ka ka karanta ba. Kilishin da na sayo muku kuwa mun cinye abinmu, tunda Nafisa ta ce ba a shiga ƙasar da za ku da nama. Ban yi baƙin ciki ba ko kaɗan.

Kada ka ga na yi shiru kwanakin nan ka ɗauka wani abu ne. Wallahi murna ce fal cikina. Matarka ta yi karatun jinya a nan Gusau, ta zauna ta duƙufa kan Jamusanci muna yi mata dariya muna cewa ƙayar kifi ce ta maƙale mata a wuya, ta ci jarrabawarsu, asibiti ya ɗauke ta aiki a can, ga shi yanzu ta samo muku takardun bin ta, kai da 'yarku. Wa ya taɓa jin haka a zuriyarmu? Mu da iyakar tafiyarmu Makka, ita ma sau ɗaya.

Sai dai akwai maganar da ka yi mini a zaure bayan la'asar, kanka a sunkuye kana tsinkar gefen tabarma. Ka ce, "Baba, can fa ba zan samu aikin koyarwa nan da nan ba. Sai na koyi harshe, sai sun duba takarduna, Ummi ma ba ta samu gurbi a gidan renon yara ba tukuna. Nafisa za ta fita aiki, ni in zauna da reno da girki. In na ga abin ya fi ƙarfina, ka yarda in ɗauko Ummi in dawo gida. Ita kuma ko ta ajiye aikin ta biyo mu, ko ta san inda dare ya yi mata."

Na ce maka zan yi tunani. Ba tunanin komai na tafi yi ba, bakina ne ya yi nauyi. Aurenka ka ɗora mini a tafin hannu, kuma amsar da nake da ita ba ta faɗuwa ido da ido tsakanin uba da ɗansa na fari. Shi ya sa na ɗauko biro.

Na san inda ka kwaso maganar. A bencin Alhaji Sambo mai taki ne, inda aka fara kiran ka mijin Hajiya, ana tambayar ka ko Nafisa ta aiko maka da zane da ludayi. Kai, Sambo! Ashe har yanzu bai canza sana'a ba. To bari ka ji, ni ya fara yi wa wannan aika-aikar, tun ba a haife ka ba.

Lokacin da na auri Innarku, ta gama makarantar horon malamai, takardarta a hannu. Aka ba ta aji a wata firamare a nan Gusau. Ta ɗinka sabon mayafi ruwan ƙasa, ta sayi jan biro na gyaran aikin yara, tana ta nuna mini shi kamar wadda ta sayi zinariya. Ni kuma na je bencin Sambo ina fahariya. Sai ya kalle ni ya ce, "Ayya, Malam Isa. Wato za ka riƙa dawowa daga aiki ka tarar da tuwo a rufe a kwano, ka buɗe da kanka kamar gwauro?" Aka kwashe da dariya. Dariyar nan ba ta kai shan kofin shayi ba ta wuce, kowa ya koma hirar farashin gyaɗa. Amma ni na ɗauke ta a ka har gida, na ce wa Innarku ba inda za ta. Ba ta yi musu ba. Ta ninke mayafin ta sa a ƙasan adaka.

Ka san abin da ya biyo baya? Ta kama sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a cikin gida. Tun asuba tana kan suya da matsa, hayaƙi na cin idonta, hannunta duk kanta. Da yamma kuma 'ya'yan maƙwabta su taru ƙarƙashin dogon yaron tsakar gida tana koya musu baƙaƙe da alli a jikin bango, ba ko sisi. Ka ga ke nan ban hana ta aiki ba, aikin da ranta ke so na hana ta, na bar ta da wanda ya fi wahala. Kuma da watannin da albashi ya yi ta jinkiri suka zo, man gyaɗar nan muka ci, Sambo bai taɓa aiko da ko mudun gero ba. Yau 'yarsa likitar dabbobi ce, tana yawo a motar ofis tana yi wa shanun Fulani allura, hotonta ne a fuskar wayarsa, kowa ya zo sayen taki sai ya nuna masa.

Ranar da aka ce takardun Nafisa sun fito, Innarku ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse. Da ta huce sai ta juyo ta ce, "Malam, da an bar ni, da yanzu na yi ritaya a shugabar makaranta." Da dariya ta faɗa. Ni ma na yi dariyar, amma tuwon ranar da ƙyar ya wuce mini.

Saboda haka, ɗana, masu benci a benci za ka bar su. Ba su za su kwana a ɗakinka ba, ba su za su ga fuskar matarka in ta ninke rigar aikinta ba. Kuma kada wani ya ruɗe ka wai aikin mace baƙon abu ne da Turawa suka ƙago. Je ka Mada ranar kasuwa ka duba wa ke sayar da nono da man shanu, wa ya yi daddawar da ake aunawa, wa ya yi sussuka da shiƙar hatsin da ke cikin buhunan. Tun kakanninmu mata ke aiki. Abin da ya zo sabo shi ne albashi da farar riga, shi ne kuma ke tsone mana ido.

Kuskurena na biyu ya fi wannan ban dariya, don kaina na cuta. Ina malamin gona a Bungudu aka turo mana mace shugabar sashe, Hajiya Asabe. Da ƙyar in ta girmi ƙanwata. Ranar farko ta tara mu ta ce kowa ya riƙa kai mata rahoton ƙauyukansa da kansa, kuma in ta ce ƙarfe takwas to ƙarfe takwas take nufi. Na fito ina huci ina cewa ni da gemuna ba zan tsaya gaban yarinya ina karanta mata rahoto ba. Na riƙa ba mataimakinta ya kai. In ta shigo ofis sai in tsiri neman wani abu a ƙarƙashin tebur don kada in miƙe. Ta yi haƙuri, ta kira ni ta yi mini magana, na ƙi ji. Ƙarshe na rubuta takardar neman canjin wurin aiki, ina jiran ta zo ta roƙe ni, don a ganina sashen ba zai tafi ba sai da ni.

Ta karanta, ta sa hannu nan take, ta ce, "Allah Ya kiyaye hanya, Malam Isa. Ka nemi takalmin ruwa."

Ban gane zancen takalmin ba sai da na ga inda aka tura ni. 'Yankuzo, can cikin Tsafe, ga damina ta kama. Babur ɗina ya fi daɗewa a kafaɗar mutane fiye da yadda na daɗe a kansa. Sashen Bungudu kuwa ya ci gaba da tafiya lafiya lau, har na ji an ce manoman Karakkai sun fi samun iri a kan lokaci.

To a can inda za ka, Nafisa ta ce mace za ka tarar a ko'ina. Mai koya maka harshe wataƙila mace ce. Mai duba takardunka a ofis, mai tuƙa motar haya doguwa, mai tuƙa jirgin ƙasa, har ƙasar ma mace ta riƙe ta shekara da shekaru. In Allah Ya ba ka aikin koyarwa, kada ka yi mamaki in shugabar makarantar ba ta kai ka shekaru ba. Ka tsaya gabanta ka yi bayaninka, ka je kan lokaci, in ta gyara maka kuskure ka karɓa. An ce ba su iya kwana-kwana ba, in ka yi ba daidai ba a gabanka za a faɗa, ba raini ba ne, haka suke yi wa junansu. In mace ta miƙo maka hannu kuma zuciyarka ba ta natsu ba, kada ka janye jiki kamar ka ga maciji. Ka dafa ƙirji, ka saki fuska, ka yi mata bayani da ladabi. Addininka naka ne, ka riƙe shi da kyau, amma kada ka fake da shi ka wulaƙanta mutum.

Kuma kada ka ɗauka su haka Allah Ya halicce su. Nafisa ta ba mu labarin wata tsohuwa da take jinya, wadda ta ce mata a zamanin ƙuruciyarta in miji bai so ba, da wuya mace ta riƙe aiki a waje. Tsohuwar ta so zama mai haɗa magani, mijin ya ce gida ya ishe ta. Da Innarku ta ji haka sai ta ce, "Ashe su ma suna da Malam Isansu." Har yau, in ji Nafisa, ba su gama daidaitawa ba. Matansu na ƙorafin an fi biyan maza, da yawa rabin yini suke aiki saboda yara, tsofaffin maza kuma na gunaguni in sun ga saurayi na tura keken jariri. Su ma koyo suke yi, sun dai riga mu shiga ajin ne.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauko biro. Ban taɓa gaya maka ba, na kuma roƙi Innarku kada ta gaya maka.

Muna 'Yankuzo Innarku na da cikin ƙanwarka, kai kuma ba ka cika shekara uku ba. Cikin ya zo da laulayi mai tsanani, aka kwantar da ita a asibiti a Tsafe, mahaifiyarta ta zo daga Mada tana jinya. Ba a barin yara a ɗakin, hanya kuma ruwa ya cinye ta, ba halin in kai ka wurin dangi. Aka bar ni da kai, ni da ban taɓa hura wutar murhu ba.

Akwai maƙwabciyarmu, Inna Delu, wata dattijuwa da katanga ɗaya ta raba mu. Allah Ya jiƙanta. Ta fara aiko mana da tuwo safe da yamma. Maimakon in gode wa Allah, sai girman kai ya motsa. Ni ma'aikacin gwamnati, a ce ana ciyar da ni kamar maraya? Na mayar da kwanon, na aika a ce mata an gode, ƙanwata ta iso daga Karakkai, ita za ta riƙa girki. Ɗanjuma, ba wata ƙanwa da ta iso. Daga ni sai kai sai akuya.

Da yunwa ta yi yunwa na auno dawa zan yi surfe. Amma yaya namiji zai tsaya tsakar gida da taɓarya, katangar kuma ba ta da tsawo? Sai na mirgina turmin na shigar da shi ɗaki, na shimfiɗa buhu a ƙarƙashi don ya danne ƙara, na rufe ƙofa na sa sakata. Na ɗaga taɓarya na maka. Dawa ta yi tsalle ta watsu har kan gado. Na tsince na sake makawa. Gumi ya jiƙa ni sharkaf, kai kuma kana zaune kan tabarma kana tafa hannu, a ganinka wasa nake yi maka.

Abin da ban sani ba shi ne daka murya gare shi. Dakan mace yana tafiya daidai, tim, tim, tim, ko daga nesa ka ji ka san hannu ya saba. Nawa kuwa kamar ana faskaren itace. Can sai na ji murya ta bayan katanga.

"Malam! Malam Isa!"

Na tsaya cak, taɓarya a sama.

"Wagga ƙanwa taka ta Karakkai, hannunta da nauyi!"

Na ce yau kashina ya bushe. Sai na yi gyaran murya.

Ta ce, "Ka ce mata ta yayyafa ruwa, ba a surfe da busasshiyar dawa. Kuma ta hito da turmin waje, kada ta fasa daɓen mutane. Ba mai leƙen ta."

Na ce, "To, Inna, zan gaya mata."

"Awo, gaya mata."

Tun daga ranar, kullum Inna Delu na bayan katanga tana ba ƙanwata darasi ta bakina. "Ka ce mata ta bari ruwa ya tafasa kafin ta yi talge." "Ka ce mata ƙauri nike ji, ta rage wuta." "Ka ce mata kanwar ta yi yawa, tun daga nan na ji warin miyar." Ni kuma in amsa, "To, Inna, ta ji." Tuwona na farko gudaji ne zalla, in ka jefi kare da shi sai ya yi ƙara. Ka ci abinka, ka miƙo kwano a ƙara maka. Har yau ban ga wanda ya taɓa yaba mini kamar yadda ka yaba mini ran nan ba.

Ashe duk garin an sani. In na je masallaci sai dattawa su gaishe ni fuska ba alamar dariya, su ce, "Malam, ya baƙuwa? Tana jin daɗin garin namu?" In ce lafiya lau take. Ba wanda ya taɓa tona ni. Manoman nan da nake ganin na fi su boko, su suka rufa mini asiri, suka bar ni da ƙanwata ta ƙarya har na koyi tuƙa tuwo.

Girki bai ba ni wuya kamar kukanka ba. Ka san al'adarmu ta ɗan fari. Uba ba ya ɗaukar sa, ba ya wasa da shi gaban mutane, ko sunansa ba ya kira, wai kunya. Haka aka yi mini, haka na tashi ina yi maka. Tun da aka haife ka ban taɓa riƙe ka ba. To ga ka kana birgima kana kiran Inna, ba Inna. Na ɗauke ka kamar mai ɗaukar buhun taki, ka ƙara tsandara ihu. Sai murya ta zo ta bayan katanga, "Ka ce mata ta goya shi mana!"

Na nemi majanyi ban gani ba. Na ɗauko zanen Innarku na ɗaura, ya zame. Sai idona ya faɗa kan rawanin da nake naɗawa ranar Sallah. Na ɗora ka a baya, na naɗe mu da shi, na ƙulle a ƙirji. Na fara zagaya tsakar gida ina jijjiga ka, ina yi maka wata waƙar shirme da na ƙaga a kan gyaɗa da tsutsa. Kuka ya koma shessheƙa. Can na ji ka kwantar da kai tsakanin kafaɗuna, numfashinka na dukan wuyana, yawunka ya jiƙa mini riga. Ka yi barci. Na kasa sauke ka. Na yi ta zagaye har ƙafafuna suka gaji, akuya na bin mu da kallo.

Ɗanjuma, na yi aikin gwamnati har na yi ritaya, na je Makka, na aurar da 'ya'ya. In aka ce in zaɓi kwanakin da suka fi mini daɗi a duniya, makonnin nan zan zaɓa. Na yi maka wanka a kwatanniya kana watsa mini ruwa. Na koyi cewa in ka murza kunne barci kake ji. Ka riƙa ja mini gemu kana dariya. Da kai a baya nake shara, da kai nake ba akuya dusa, in zan yi salla in zaunar da kai gefe ka hau bayana ina sujada.

Allah Ya sauki Innarku lafiya, ta dawo da jaririya. Inna Delu ta shigo barka, ta dubi kumatunka ta ce, "Kai, ƙanwar Malam ta iya reno. A ba ta tukwici kafin ta koma Karakkai." Innarku ta ce wace ƙanwa? Da aka warware mata, ta yi dariya har tana riƙe ciki tana roƙon a bari, jikinta bai yi ƙwari ba.

Ga kuskuren nan, wanda ya fi sauran. Ranar suna gida ya cika da baƙi, ina zaune ƙofar gida cikin maza, da rawanin nan a kaina. Ka fito da gudu ka ratsa mutane, ka tsaya gabana ka ɗaga hannuwa biyu in ɗauke ka. Na ga idanu a kaina. Na kau da kai na ce, "Je ka wurin uwarka." Ka tsaya kana kallona, ba ka gane ba. Washegari ka sake ɗaga hannu, na sake korar ka. Bayan ɗan lokaci ka daina. Ka girma kana gaishe ni a durƙushe, kana yi mini magana kanka a ƙasa, kowa na yaba tarbiyyarka. Ni kaɗai na san abin da na yar don kada a yi mini dariya.

Shi ya sa da Nafisa ta nuna mana ta waya wani likita abokin aikinta, ƙato mai gemu, rataye da jaririnsa a ƙirji a bakin asibiti ya kawo shi a gani, na karɓe wayar na ƙura ido. Ta ce hutun reno ya ɗauka na watanni, matarsa ta koma bakin aikinta, hukuma na ba shi wani abu daga albashinsa, in ya gama kujerarsa na nan tana jiran sa. Innarku ta ce, "Ikon Allah." Ni kuwa na ci gaba da kallon wayar. Kishi ne ya kama ni, wallahi, kishin ƙaton nan. Abin da na yi a ɓoye bayan sakata, shi yana yin sa a bakin titi, har ana ba shi hutu don ya yi.

Kai ma abin da ke jiran ka ke nan, kake kiran sa abin da zai fi ƙarfinka. Haba, Ɗanjuma! Ba cewa na yi da sauƙi ba. Za ka ƙona abinci. Sanyi zai hana ku fita, ɗaki ya yi maka ƙunci, ka tuna ɗalibanka da allonka ka ji kamar an ajiye ka gefe. Wata rana Nafisa za ta dawo a gajiye ta yi maka magana ba yadda kake so ba, Shaiɗan ya raɗa maka cewa don ita ke kawowa ne. In haka ta faru kada ka yi irin nawa, kada ka shiga ɗaki ka sa sakata. Ka bari ta huta, ka zaunar da ita ku yi magana. Ita ma Innarku ta ja mata kunne sosai, ta gaya mata albashi ba ya sa a ɗaga wa miji murya, kuma yarinyar nan mai hankali ce, kai ma ka sani.

Kada kuma ka zauna jiran ta dawo daga tsayuwar yini guda kan marasa lafiya ta ɗora tukunya, kai kana latsa waya. Malamai sun sha gaya mana Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yakan taya iyalinsa aikin gida. Mukan gyaɗa kai a masallaci, mu dawo gida mu miƙe ƙafa. Ka riƙe sallarka, ka nemi jama'ar Musulmi a garin, ka dage da koyon harshen nan kamar yadda matarka ta dage. Zaman gidan na ɗan lokaci ne. Ummi za ta samu gurbi, takardunka za su fito, ka koma gaban allo. Ran nan za ka ga kana waiwayen kwanakin da kuke ku biyu, don ba za su dawo ba.

To ga amsar tambayarka. Ban yarda ba. Ban yarda ka raba yarinya da uwarta don maganar benci ba, ban yarda ka sa Nafisa ta zaɓa tsakanin kai da aikin da ta sha wuya a kansa ba. In wata cuta ce ta gaskiya ta taso, ka kira ni, ni ubanka ne, zan saurare ka. Amma in kunyar reno da girki ce kawai, gidana ba wurin ɓuya ba ne. Ranar da za ku zo ganin gida, ku zo ku uku, in Allah Ya ƙara ku zo ku huɗu, in yanka muku rago.

Innarku na gaishe ka, tana nan tana share hawaye tana cewa yaji ne. Ƙannenka na gaishe ka. Ka gaishe mini da Nafisa, ka ce mata mun gode, Allah Ya yi mata albarka. Ku riƙa sa ƙasarmu a addu'a, Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙauyukanmu. Allah Ya tsare ku a inda ba mu gani, Ya haɗa kanku, Ya ba ka aikin da ya fi wanda ka bari, Ya sa mu sake ganawa da alheri.

Na daɗe ina kiran ka Ɗanjuma don kada in kama sunanka. Yau na gaji da kunyar nan. Aminu, in kun sauka Ummi ta ɗaga maka hannu a tsakiyar filin jirgi, ka ɗauke ta, kowa na gani.

Wassalam.

Mahaifinka,
Isa